Gudun titi bayan shekara 35: abin da ƙungiya za ta duba kafin rajista

A dokokin guje-guje na duniya, wanda ya cika shekara 35 ya shiga sahun manya, kuma ana kasa su rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar: 35 zuwa 39, 40 zuwa 44, haka har sama. A gasar ƙungiyoyi, galibi lokacin mutum ukun farko na kowace ƙungiya ake haɗawa a fitar da sakamako. Nan ne hankalin likita yake tashi. Magidancin da zai haƙura da gudu idan shi kaɗai ne, sai ya ɓoye ciwon ƙirji don kada a ce shi ya kayar da abokansa.

Don haka ku masu fitowa atisaye bayan asuba a cikin birni, ko ta Ƙofar Mata ko a gindin Dala, idan doka ta yarda ku rubuta mutum biyar ko shida. Wanda ya san akwai madadinsa ya fi saurin faɗin gaskiyar jikinsa.

Bayan shekara 35, yawancin mutuwar farat ɗaya a wajen motsa jiki daga toshewar jijiyoyin zuciya take. Kowa ya auna jini da suga tun ana saura wata biyu ko uku. Awon da ya maimaita kaiwa 140/90 hawan jini ne. Ba ya hana gudu idan magani ya daidaita shi, amma sau da yawa mai shi bai ma san yana da shi ba. Wanda ƙirjinsa ke ɗaurewa idan ya hau tudu, ko ya taɓa suma yana gudu, ko wani a gidansu ya rasu kwatsam kafin shekara 50, ya dakata har a duba zuciyarsa. Asibitin Murtala yana nan kusa, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Batun magani ne aka fi sakaci da shi. Da yawa daga magungunan hawan jini suna ɗauke da hydrochlorothiazide mai sa fitsari, wanda hukumar WADA ta haramta wa 'yan wasa. Kada ka daina sha da kanka. Ka nuna wa likitanka kwalin, ka kuma tambayi masu shirya gasar yadda ake neman izinin magani. Tramadol ma an hana shi a ranar gasa tun Janairun 2024. Shi kuwa diclofenac ko ibuprofen da wasu ke haɗiya kafin a tashi don ciwon gwiwa, idan ya haɗu da ƙarancin ruwa a jiki, ƙoda yake ji wa ciwo.

Sai yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan kai digiri 40, atisaye kuma sai da sassafe. Wanda ya saba da busasshiyar iskar hunturu, idan ya je gudun Legas na watan Fabrairu, zai tarar gumi ba ya bushewa, jiki kuma ba ya hucewa. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya suna da rukunin jini AS. Suna iya gudu, sai dai su ƙara nisa a hankali, su sha ruwa, su tsaya da zarar ƙafa ta mutu. Mai zazzaɓi kuwa ba shi ba titi, ko da ranar gasa ce.

Idan ɗanku ya faɗi jikinsa zafi rau yana sambatu, ku kai shi inuwa ku yi ta kwara masa ruwan sanyi kafin mota ta zo. Idan ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, ku fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya kira masu agaji. Aƙalla mutum biyu a ƙungiya su koyi wannan tun kafin ranar.