Tsohon ramin tsakuwa: kafin ka zuba kifi, ka san mai shi da mai alhakin gyara shi



Tambayar nan tana yawan zuwa: akwai tsohon rami a bayan gari inda aka taɓa ɗibar tsakuwa ko burji, an daina aiki, ruwa ya taru, ko zan iya zuba tarwaɗa a ciki? Za ka iya. Amma fa daina haƙa ba shi ne ke nuna ramin ba shi da mai shi ba, kuma ba ya sauke wa wanda ya haƙa nauyin da ke kansa.

A Najeriya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Dokar ma'adinai da haƙar ma'adinai ta 2007 ta sa tsakuwa da yashi da marmara cikin abin da sai da izini ake haƙa don kasuwanci. Izinin na shekara 5 ne, ana iya sabunta shi. Ke nan ramin da ka ga shiru shekara biyu, mai yiwuwa takardarsa na nan da ranta. Gobe idan aikin titi ya zo, mai izini zai iya dawowa ya zuƙe ruwan ya ci gaba da haƙa, kifinka na ciki.

Ita dai wannan doka ta ɗora wa mai izinin gyara wurin bayan ya gama: ya mayar da shi yadda ba zai cutar da mutane da dabbobi ba. Ta kuma tanadi asusun kare muhalli da gyaran wuraren haƙa, wanda masu izini ke zuba kuɗi a ciki. Hukumar NESREA ma tana da ƙa'idojinta na 2013 kan wuraren fasa dutse da ɗibar tsakuwa. Gyaran da ake nufi ya haɗa da kwantar da gaɓar ramin, cike inda ya kamata a cike, kwashe tarkace da mayar da ƙasar sama don ciyawa da itatuwa su kama.

To ina ruwan mai kiwo? Ruwanka babba ne. Idan ka karɓi rami haka nan ba rubutu, ranar da gaɓa ta rufta wa wani, ko yaro ya faɗa ruwa, Allah Ya kiyaye, kai jama'a suka sani a wurin. Kamfanin ya daɗe da kwashe motocinsa.

Don haka kafin ka sayi ko ɗan kifi ɗaya:

1. Ka bincika ko izinin haƙar ya ƙare. Ofishin ma'adinai na tarayya da ke jiharku shi ne wurin tambaya.

2. Ka san mai filin. Izinin haƙa daban, haƙƙin fili daban. A dokar filaye ta 1978, filin cikin birni gwamna ke ba da takardarsa, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Amincewar dagaci tana da muhimmanci, amma kada ka tsaya a kanta kaɗai.

3. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: wane gyara ya rage, wa zai yi, shekara nawa aka ba ka.

Sai batun ramin kansa. Tafkin kifi na ƙasa zurfinsa mita 1 zuwa 1.5 ne, gaɓarsa a kwance. Ramin tsakuwa kuwa ya kan yi zurfi sosai, gaɓa a tsaye, ƙasansa tudu da kwari. Jan koma a ciki wahala ne, ba kuma hanyar zubar da ruwa. Shi ya sa keji mai yawo a kan ruwa ya fi dacewa da irinsa: ciyarwa da sauƙi, kamu da sauƙi, in rigima ta taso ka ɗauke kayanka.

Ka kuma lura da ruwan shekara guda cur. Ƙasa mai tsakuwa ba ta riƙe ruwa kamar laka; abin da ya cika maƙil a watan Agusta zai iya zama taɓo a Afrilu. Ka ga ta inda ruwa ke shigowa da damina, kada ambaliya ta tafi da jarinka. A gwada ruwan. Ma'aunin pH tsakanin 6.5 da 8.5 shi ne daidai. Idan an taɓa mayar da wurin juji, ko ana zubar da baƙin mai, ko ruwan gonakin da ake wa feshi na gangarowa ciki, haƙura kawai. Kifin nan mutane za su ci.

Shinge kuma dole ne, ba don ɓarayi kaɗai ba. Yara na zuwa wanka, shanu na zuwa shan ruwa. Ka zauna da makiyaya da mutanen unguwa tun farko, a ware musu mashaya.

In akwai irin wannan rami a yankinku, ku faɗa mana zurfinsa da watan da ruwansa ke janyewa, mu tattauna. Allah Ya sa wa kiwonmu albarka.