Tsohon Bango Na Numfashi, Kada a Toshe Masa Hanci

A Birtaniya, galibin gidajen da aka gina kafin 1919 bango guda gare su, na jan bulo mai kaurin kimanin inci tara, ko na dutse. Sai daga shekarun 1920 aka yawaita gina bango biyu da rata a tsakani. Ɗumin da ke zurarewa ta bango guda ya kai ninki biyu na mai rata, shi ya sa kuɗin ɗumama irin waɗannan gidaje ke cin aljihu duk hunturu. Maganin da ake bayarwa shi ne a lulluɓe bangon da makarin sanyi. Amma garin neman gira, da yawa sun rasa ido.

Magina na da, da kwaɓin farar ƙasa suke ɗaure bulo, ba siminti ba. Irin wannan bango yana shan ruwan sama, sannan iska da rana da zafin murhu su busar da shi. Muddin laimar na samun mafita, lafiya lau. Duk wanda ya ga an yi wa ginin ƙasa shafen siminti ya san ƙarshen zancen: ruwa ya shiga ta tsaga, ya rasa hanyar fita, ƙasa ta jiƙe, shafen ya ɓamɓaro.

Idan ta ciki aka sa makarin, ɗumin ɗaki ya daina kaiwa ga bulo, bulon ya ƙara sanyi. Tururin girki da wanka da numfashi, in ya ratsa ya tarar da bulon, sai ya zama raɓa a bayan makarin, inda ido bai gani. Nan fumfuna ke tsirowa, kawunan katakon bene da ke cikin bango su fara ruɓewa. Idan ta waje ce, bulo na zama da ɗuminsa, amma ƙaramin sakaci a bakin rufi ko gindin taga ya isa ya zuraro ruwa bayan makarin, ya maƙale. Haka ya faru a unguwar Fishwick ta Preston, inda aikin lulluɓe bango na 2013 ya bar ɗaruruwan gidaje cikin danshi. A 2025 ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya gano cewa kashi 98 cikin ɗari na gidajen da aka lulluɓe ta waje a shirye-shiryen gwamnati biyu na buƙatar gyara.

Don haka aikin yana da tsari. Da farko a kashe hanyar ruwa: indararo mai yoyo, rufin da ya fashe, ƙasar da ta taru ta haura gindin bango. A cire tsohon shafen siminti, a bar bango ya bushe sarai. Sannan a zaɓi kayan da tururi ke iya ratsawa, kamar allon zaren katako da shafen farar ƙasa. Ta ciki, matsakaicin kauri ya fi aminci. A rufe har gefen tagogi, domin duk inda aka tsallake nan raɓa za ta taru. A ƙarshe a sa fankar zuƙe tururi a kicin da banɗaki, tunda an toshe kafofin da iska ke bi a da.

Ƙa'idar PAS 2035, wadda Birtaniya ta fitar a 2019, ta tanadi a binciki gida gaba ɗayansa kafin a taɓa shi. Mai gidan da aka zo masa da farashi ba a duba indararonsa ba, gara ya nemi wani ma'aikacin.