No Depression: Mujallar da Ta Tara Mawaƙan da Rediyo Ya Ƙi

A shekarar 1995 wasu marubuta biyu, Grant Alden da Peter Blackstock, suka fitar da wata 'yar mujallar kiɗa a birnin Seattle na Amurka, Kyla Fairchild kuma ta riƙe musu harkar talla da kasuwanci. Suka raɗa mata suna No Depression, suka sa ƙungiyar mawaƙa ta Son Volt a bangon fitowar farko. Da fari sau huɗu take fitowa a shekara, daga baya ta koma duk bayan wata biyu. Tarihinta ya nuna cewa aikin mujallar kirki bai tsaya ga kawo labari ba, tana iya tattara mutanen da suke warwatse har su zama jama'a guda mai suna da kasuwa.

Sai an san halin da kiɗan kantiri yake ciki a lokacin kafin a gane haka. Kiɗa ne na mutanen karkarar kudancin Amurka, da jita da banjo da goge, waƙoƙinsa kuma na talauci ne da ibada da rabuwa da kewar gida. Zuwa farkon shekarun 1990 manyan kamfanonin birnin Nashville sun gyara shi ya dace da gidajen rediyo, taurari irin su Garth Brooks suna sayar da faifai miliyoyi. Wanda waƙarsa ta cika kaushi ko ta yi kama da ta mutanen da, ba shi da rabo a rediyo. Ana haka sai wasu samari daga garin Belleville na jihar Illinois, ƙarƙashin sunan Uncle Tupelo, suka haɗa tsohon salon karkara da zafin kiɗan rok. Faifansu na farko a 1990 ya ɗauki sunan wata waƙar bege da iyalan Carter suka naɗa a 1936, lokacin da karayar tattalin arziki ta gallabi Amurka, kuma daga nan mujallar ta gaji sunanta. Da ƙungiyar ta watse a 1994, daga cikin mambobinta Jay Farrar ya kafa Son Volt, Jeff Tweedy ya kafa Wilco.

Wani zai ce ai mujallar ba ta ƙirƙiro komai ba, tunda Gram Parsons ya riga ya gauraya kantiri da rok tun ƙarshen shekarun 1960, Willie Nelson da Waylon Jennings kuma sun bijire wa tsarin Nashville a shekarun 1970. Wannan gaskiya ne, amma kowa ta kansa yake yi. Mai sauraro a Chicago, inda ƙaramin kamfanin faifai na Bloodshot yake, bai san da takwaransa na Austin ko na Carolina ta Arewa ba. No Depression ta zama maɗaurin tsintsiya. A shafukanta matashin da bai wuce faifai ɗaya ba yana zama kusa da dattawa irin su Johnny Cash da Loretta Lynn, waɗanda rediyo ya riga ya juya musu baya. Tana ba marubuci fili ya yi doguwar hira da dogon sharhi, ƙananan kamfanoni kuma suka samu inda za su tallata hajarsu ga masu sonta. A 1998 ta zaɓi Alejandro Escovedo a matsayin gwarzon mawaƙin shekarun 1990, mutumin da yawancin Amurkawa ba su taɓa jin sunansa ba. Ba ita kaɗai ta yi aikin ba, amma bayan ta share fage ne aka kafa ƙungiyar kiɗan Americana, sunan da ake kiran irin wannan kiɗa, a 1999, kyautar Grammy kuma ta fara ba wannan salo lambarsa a 2010.

Akwai masu cewa suna yakan zama tarko, domin da zarar an liƙa wa mawaƙi salo sai a hana shi motsi. Wilco kanta ta yi nisa da wannan kiɗa cikin 'yan shekaru. Sai dai mujallar ba ta kafa iyaka mai tsauri ba. Ta yi ta faɗaɗa ƙofarta ga buluz da waƙoƙin coci da kiɗan gargajiya na tsaunukan Appalachia, ma'auninta ingancin waƙa da tushenta.

Suka mafi nauyi shi ne cewa ta durƙushe, wai intanet ta nuna ba a bukatarta. Lallai fitowa ta 75, ta watannin Mayu da Yuni 2008, wadda ke ɗauke da mawaƙi Buddy Miller a bango, ita ce ta ƙarshe a tsohon tsari. Amma dalilan da masu ita suka bayar ba gudun masu karatu ba ne. Kamfanonin faifai sun rage talla saboda cinikinsu ya faɗi, shagunan sayar da faifai da take samun kasuwa a cikinsu suna ta rufewa, kamar yadda Tower Records ya rufe a 2006, kuɗin takarda da na gidan waya kuma sun hau. Hanyar samun kuɗin ce ta toshe, masoyan kuwa suna nan.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. An ci gaba da ita a intanet, an kuma fitar da kundi uku masu kama da littafi tare da maɗaba'ar Jami'ar Texas. A 2014 ta koma hannun kamfanin FreshGrass, a 2015 masu karatu suka tara kuɗi ta shafin Kickstarter aka dawo da ita kan takarda ba tare da talla ba. Darasin ga duk mai son kafa mujallar fasaha a fili yake: mai talla abokin ranar wadata ne, wanda zai tsaya da mujalla ranar ƙunci shi ne mai karatun da ta gina.