Kafin a Tsaya Gaban Kyamara a Gyallesu

A unguwar Gyallesu, amare da ɗaliban jami'a na harabar Kongo masu kammala karatu kan nemi mai hoto. Amma da an ɗaga kyamara, sai jikin wasu ya sandare, murmushi ya koma yaƙe.

Shiri yana rage wannan fargaba. A goge shadda tun da dare, a sa lalle kwana biyu kafin ranar ɗaukar hoto don ya kama sosai. Sassafe ko bayan la'asar ya fi dacewa, domin tsakar rana tana sa runtse ido.

Inda za a ajiye hannu shi ne babban aiki. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yakan ba mutum rediyo ya dafa, ko babur ya jingina. Carbi ko gefen mayafi ma ya wadatar.