Sauya Hanyar Shigar Iska da Tasirinsa kan Ƙarfin Injin Mota: Misalin Gundumar Madarunfa

1. Gabatarwa

Daga cikin kayan da ake sayarwa domin ƙara wa mota ƙarfi, babu mai sauƙin ɗaurawa kamar matatar iska ta kasuwa, wadda makanikai ke kira filtir a Maraɗi, filta a Katsina. Akan cire akwatin iskan da kamfani ya ƙera motar da shi, a maye gurbinsa da gajeren bututu mai matatar auduga da aka jiƙa da mai. Kamfanin K&N na Kalifoniya, a Amurka, ya fara fitar da irin wannan matata a 1969. Akwai kuma gyaran garaji mai manufa iri ɗaya: a huda akwatin, ko a sa soso a madadin matatar takarda, ko a cire matatar gaba ɗaya. Manufar wannan takarda ita ce bayyana abin da wannan sauyi yake yi wa ƙarfin inji, tare da auna ribarsa da hasararsa a yanayi irin na gundumar Madarunfa, a kudancin jihar Maraɗi.

2. Iska a matsayin ma'aunin ƙarfi

Injin fetur yana buƙatar kimanin kilo 14,7 na iska domin ƙona kilo 1 na mai. Tun da litar fetur ba ta wuce giram 750 ba, lita ɗaya tana cin kusan kilo 11 na iska, wato wajen lita 9.000. Ƙara mai abu ne mai sauƙi. Abin da yake iyakance ƙarfin inji shi ne nauyin iskar da ke shiga silinda.

Mu ɗauki misalin injin lita 2, irin na Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna wadda ta fara aiki a 1975. Inji mai zango huɗu yana shaƙar iska sau ɗaya a kowane juyi biyu. Idan yana juyi 3.000 a minti kuma an taka totur har ƙasa, zai nemi lita 3.000 a minti. Idan silinda tana cika da kashi 80 cikin 100 kawai, abin da zai shiga shi ne lita 2.400 a minti, ko lita 144.000 a awa. Duk wannan iska ta matata take bi. Abubuwa uku ne suke ƙayyade nauyinta: tarnaƙin da take gamuwa da shi a hanya, zafinta, da tsawon bututun da take bi.

3. Tarnaƙin hanya

Matsin iska a bakin teku kilofaskal 101 ne. A tudu irin na yankin Maraɗi, mai kimanin mita 350, yana kusa da 97. Ƙarfin inji yana tafiya daidai da matsin da ya isa bakin bawul. Saboda haka, idan akwatin asali da matatarsa suna rage kilofaskal 2 lokacin da inji ke iyakar gudunsa, cire su ɗungum ba zai maido fiye da kashi 2 cikin 100 ba. A injin mai doki 100, doki 2 ke nan.

Abin lura a nan shi ne, tarnaƙin yana ƙaruwa ne da yawan iskar da ke wucewa, don haka wannan ƴar riba sai a juyi mai yawa ake samunta. A tafiyar yau da kullum kuwa, marfin totur ne da kansa yake tare iska, kuma tarewarsa ta ninka ta matata sau da yawa. Abin da direba ya fi ji bayan sauyin shi ne ƙarar shaƙar iska, domin an kawar da akwatin da ke danne ta. Ƙara dabam, ƙarfi dabam.

Sai dai matatar da ta toshe tana da tata hasara. Gwajin da cibiyar bincike ta Oak Ridge, a Amurka, ta wallafa a 2009 ya nuna cewa a motoci masu kwamfuta toshewar matata ba ta ƙara shan mai sosai, amma tana rage hanzarin ɗaukar gudu. A motar mai kafireta kuwa tana ƙara shan man. Wannan ne ya sa wanda ya cire tsohuwar matata ya sa ta kasuwa yakan ji canji. Da sabuwar matatar takarda ya sa, da ya ji kusan irinsa.

4. Zafin iska

Iska mai zafi ba ta da nauyi kamar mai sanyi. Tsakanin daren hunturu mai digiri 15 da ranar bazara mai digiri 40, wanda ake samu a Maraɗi cikin watannin Afrilu da Mayu, nauyin lita ɗaya ta iska yana raguwa da kashi 8 cikin 100. A aikace, inji yana rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙarin digiri 5 zuwa 6.

Akwatin asali galibi yana janyo iska daga gaban mota ko daga gefenta. Gajeren bututun kasuwa kuwa yana shaƙa ne daga ƙarƙashin bonet, bayan lagireto. Idan waje yana digiri 40, ƙarƙashin bonet yana 65, kamar yadda kan faru ga mota mai tafiya a hankali cikin rairayi, an yi hasarar kashi 4 zuwa 5. Ke nan hasarar zafi ta cinye ribar da muka lissafa a sashe na 3, har da ƙari. Bugu da ƙari, iska mai zafi tana jawo ƙwanƙwasar inji, kuma a motocin zamani kwamfuta takan jinkirta wutar fulogi domin kare injin, ƙarfi ya ƙara raguwa.

5. Tsawon bututu da rabon ƙarfi

Iska ba ta shiga inji a miƙe kamar ruwan famfo. Buɗewa da rufewar bawul suna haifar da igiyar matsi mai kai da komowa cikin bututu da saurin sauti, wato kusan mita 350 a daƙiƙa. Idan igiyar ta komo daidai lokacin da bawul ke shirin rufewa, tana cusa ƙarin iska cikin silinda. Dogon bututu yana sa wannan ya faru a juyi kaɗan. Gajere kuwa a juyi mai yawa. Kamfanin Chrysler ya yi amfani da wannan ka'ida a 1960, inda ya sa bututai masu tsawon santimita 76 domin ƙara ƙarfin ja.

Mafi yawan wannan aiki bututan da ke bayan totur ne suke yinsa, amma akwatin iska da bututunsa suna da nasu rabo. Sauya su na iya raunana ja a juyi kaɗan. A nan ya kamata a tambayi irin aikin da motar take yi. In ban da kwaltar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, yawancin hanyoyin gundumar na laterit ne ko na rairayi. Motar da ke ɗauko gero daga ƙauyuka, ko kayan lambu daga fadamun Jiratawa da bakin tafkin Madarunfa, tana aiki ne da kaya mai nauyi a ƙaramar giya. Abin da take bukata shi ne ja tsakanin juyi 1.500 da 3.000.

6. Ƙura

Matatar da ta fi barin iska ta wuce, in faɗinta bai ƙaru ba, ta fi barin ƙura ta wuce. Idan wata tana tare kashi 99,5 cikin 100, wata kuma 98, bambancin kamar ƙarami ne, alhali ta biyun tana shigar da ƙura ninki huɗu na ta farko. Ƙa'idar ISO 5011 ce ake bi wajen wannan awo.

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana ɗauko hazo daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ga kuma ƙurar da tayoyi ke tayarwa. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen silinda tauri. Idan ta shiga, sai ta haɗu da baƙin mai ta riƙa goge ringi da bangon silinda. Daga nan matsi ya ragu, inji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, har a kai ga sauke shi. Haka kuma, man da ake shafa wa matatar auduga, in ya yi yawa, yana ɓata na'urar auna iska a motoci masu kwamfuta.

Masu ƙera motocin hamada wata hanyar suka bi. Tsofaffin Land Rover suna da matata mai kwanon mai, wadda ake wankewa a sake cikawa. Toyota Land Cruiser da dama suna da bututun da ke hawa har kusa da rufin mota, inda iska ta fi sanyi kuma ƙura ta fi ƙaranci. Wasu ana ɗora masu kai mai jujjuya iska, wanda ke watsar da yashi kafin ya isa matata.

7. Kammalawa

Mun ga cewa ribar matatar kasuwa ƙarama ce, kuma a saman juyi take, inda motocin gundumar ba su cika aiki ba. Hasarar zafi da ta ƙura kuwa kullum suna nan. Bisa ga haka, abin da ya fi dacewa shi ne a bar akwatin asali, a tabbatar robar bakinsa da bututunsa ba su tsage ba, a sauya matata da wuri lokacin hunturu, a kuma guji hura ta da iska mai ƙarfi, domin hakan yana yaga takardar. Wannan shawara ta shafi babura da injinan ban-ruwa daidai da yadda ta shafi motoci. Binciken da ya dace ya biyo baya shi ne a auna nauyin matatun wasu motocin haya na hanyar Maraɗi zuwa Madarunfa a farkon hunturu da ƙarshensa, domin a fitar da wa'adin sauyi da ya dace da yankin.