Tsohuwar mota mai tsada

In kaka ta yi, gero yakan yi araha a kasuwar Mayahi da ta Tasawa, domin kowa yana da shi. In damina ta kama, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, sai tiya ta yi tsada. Gero dai shi ne na jiya. Abin da ya sake shi ne yawansa da yawan masu nemansa. Haka ciniki yake a Gidan Amumune, haka yake a ƙasashe masu nisa. Ga misali daga Amurka.

Daga shekarar 1964 zuwa wajen 1972, kamfanonin Amurka sun ƙera wasu motoci masu ƙarfi ƙwarai. Jikinsu madaidaici ne, amma injinsu ƙato ne. Akwai injin da ake kira Hemi, mai ƙarfin doki 425. Samari suna son waɗannan motoci saboda gudunsu.

Wasunsu kaɗan aka ƙera. A 1969, kamfanin Dodge ya so ya shiga tseren motoci da wata mota mai suna Charger Daytona. Dokar tsere ta ce sai an yi guda 500 na sayarwa ga jama'a. Saboda haka aka yi 500 da ƴan kai, aka tsaya. A 1971 kuma, aka fitar da Plymouth Hemi 'Cuda mai rufin da ake naɗewa. Ita kaɗan ƙwarai aka ƙera.

A 1973 man fetur ya yi tsada a duniya. Motocin nan kuwa mashaya mai ne. Mutane suka guje su, suka koma ga ƙananan motoci. Da yawa suka lalace, wasu tsatsa ta cinye su. Waɗanda suka rage suka ƙara zama kaɗan.

Shekaru suka wuce. Samarin dā suka manyanta, wasunsu suka yi dukiya, suka tuna da motar da suke marmari tun suna yara. Masu nema suka yi yawa, mota kuwa ba ta ƙaruwa. A 2014, a birnin Siyatil, an yi gwanjon ɗaya daga cikin 'Cuda ɗin nan ta 1971. An saye ta dalar Amurka miliyan 3 da rabi, watau fiye da sefa miliyan 1500. Da tsohuwar zuma ake magani!

Wanda ya sayi irin wannan mota ba ya ɗaukar kaya da ita. Ajiye ta yake yi, yana gogewa, yana nuna wa jama'a. Kafin ya biya, sai ya sa an duba lambar da ke jikin inji, an gwada ta da lambar motar. Haka mai sayen akuya yake duba haƙoranta. In an sake injin, kuɗin motar ya ragu. Akwai kuma macuta masu gyara mota gama-gari su ce ta asali ce.

Amma tsada ba ta dawwama. A 2008 kuɗi ya yi wuya a Amurka, masu saye suka ragu, farashin motocin ya faɗi. Wasu da suka saya don neman riba suka yi hasara. Ashe ƙarancin abu kaɗai ba ya sa shi tsada, sai in akwai masu so, kuma suna da abin biya.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka ƙera Charger Daytona 500 da ƴan kai?
2. Me ya faru a 1973?
3. Don me rago yake tsada in layya ta matso?
4. Ku tambayi iyayenku kuɗin tiyar gero da kaka da kuma da damina, ku rubuta bambancin.