Ma'aunin Masu Duba Makarantu, Da Rabon Iyayen Yara A Cikinsa

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar ƙauye ya san halin da a kan shiga ran da aka ce masu duba makarantu suna tafe. Tun da sassafe a share fili, a yayyafa ruwa, a shafa wa allo baƙi, a cike guraben littafin kiran suna. Baƙi su iso, su zauna a bayan aji suna rubuce-rubuce, kafin la'asar sun juya Argungu ko Birnin Kebbi. Bayan kwanaki takarda ta fito, a ce makarantar nan mai kyau ce, ko kuwa dama-dama. Uban yaro a Augie ya ga ƙurar motarsu, amma da wuya ya ji abin da suka rubuta, alhali kuwa kwanakin ɗansa aka ɗora bisa ma'auni. To, yaya a ke yanke wannan hukunci, kuma me ya kamata uba ya fahimta daga gare shi?

Al'amarin ya samo asali ne daga wajen kuɗi. A Ingila, tun 1862, gwamnati ta kan biya makaranta gwargwadon yawan yaran da suka ci jarrabawar karatu da rubutu da lissafi a gaban sufeto. Dokar ilmi ta 1882 ta kawo irin wannan tsari Afirka ta Yamma, har a 1892 aka naɗa Henry Carr sufeton makarantun Ikko. Illar tsarin ba ta ɓuya ba: malamai suka koma ɗora wa yara hadda domin rana guda.

Saboda haka dokar da Gwamna Lugga ya yi a 1916 ta sake ma'aunin makarantun da gwamnati ke taimaka wa da kuɗi. Aka kasa maki ɗari kashi huɗu. Jarrabawa da ci gaban yara suna da 40. Ladabi da tarbiyya da tsarin makaranta 30. Isar malamai da ƙwarewarsu 20. Gini da kayan aiki da tsabta 10 kacal. Mai karatu, musamman in ma'aikacin ofis ne wanda ya saba da lissafi, ya dubi wannan rabo da kyau, domin a nan maganar duka ta ke. A ce ga makarantu biyu. Ta fari yaranta sun sami 36 a jarrabawa, 20 a ladabi, 12 wajen malamai, amma rufinta na yoyo, ba ta da salga, sai aka ba ta 2. Ta biyu ta sami 10 cif a gini, 28 a ladabi, 14 wajen malamai, amma yaranta 18 suka samu a jarrabawa. In ka tara, kowacce 70 ke nan. A takarda tagwaye ne. Amma wa zai ce wa uba ba bambanci tsakanin makarantar da ɗansa zai iya karanta wasiƙa cikin ɗaki mai yoyo, da wadda zai zauna a kan benci mai kyau ya fita bai iya ba? A 1926 aka ƙara taƙaita abin a Kudu, aka riƙa jera makarantu a matakai huɗu, A da B da C da D.

A nan Arewa kuwa, a wancan zamani, yawancin makarantun elementare na En'e ne, baitulmali ke ɗauke da su. Masu duba su su ne jami'in ilmi na Lardi da manyan malamai masu zagayawa gari gari. Mutanen ƙasar Argungu sun san ɗaya daga cikinsu. Malam Shehu Shagari ya zama hedimastan babbar firamare ta Argungu a 1951, daga 1953 kuma ya zama babban malami mai zagaya makarantun Lardin Sakkwato, tun kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979. Abin lura, irin wannan mai dubawa ya zauna a kujerar wanda ya ke dubawa, ya san inda a ke ɓoye ƙura. Sai dai rahotonsa sama ya ke tafiya, wurin En'e da ofishin ilmi. Ba a rubuta shi domin uban yaro ba, kuma wannan ɗabi'a ba ta bar mu ba har yau.

Gwamnatin Tarayya ta kafa sashenta na duba makarantu a 1973, daga baya aka sake masa suna da tsari, aka mai da hankali ga tabbatar da ingancin ilmi. Bisa littafin jagora na ƙasa, makaranta za ta fara auna kanta da kanta, sa'an nan baƙi su zo su gwada maganarta da abin da idonsu ya gani. Za su duba abin da yara suka iya, da halinsu, da yadda malami ke koyarwa, da manhaja, da kula da lafiyar yara da tsaronsu, da ɗakuna da kayan aiki, da yadda shugaban makaranta ke riƙon ta. Kowane fanni a ba shi ɗaya daga matakai biyar: mai kyau ƙwarai, mai kyau, dama-dama, maras kyau, maras kyau ƙwarai. Daga nan a fitar da hukunci guda. Firamare kuwa, tun dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004, tana hannun hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha da sakataren ilmi na ƙaramar hukuma.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, amma a ranar duba makaranta a kan ɓoye ta sarai. Har wa yau ga maganar lokaci. Ƙasar Augie fadamar Rima ce, ƙasar shinkafa da su. Wanda ya zo lokacin yankan shinkafa zai tarar da aji rabi. Wanda ya zo bayan an kai amfani gida zai tarar da shi maƙil. A shekarun ambaliya irin 2010 da 2020, sa'ad da ruwa ya ci gonaki da hanyoyi a Jihar Kebbi, makarantar da ke tsallaken ruwa mota ba ta isa gare ta, wadda ke bakin titi kuwa ita ke shan baƙi. A ganina hukuncin da ba a san ranar yanke shi ba rabin labari ne.

Turawan Ingila da kansu sun ja da baya. Hukumarsu mai suna Ofsted, wadda aka kafa a 1992, ta daɗe tana yi wa kowace makaranta hukunci da kalma guda. A 2023 wata shugabar firamare ta kashe kanta bayan an sauko da makarantarta daga matakin ƙoli zuwa na ƙarshe, mai binciken mutuwar kuma ya ce dubawar ta taimaka wajen jawo haka. A Satumba 2024 gwamnati ta soke hukuncin kalma guda ga makarantunta, aka koma bayyana kowane fanni dabam.

Amma akwai bambanci babba. Baturen da ya karanta rahoto ya kan ɗauke ɗansa ya kai wata makaranta. Manomi a ƙauyen Augie sau da yawa makaranta ɗaya ce a gabansa, in ya cire yaro gona zai kai shi. Amfanin rahoto gare shi, ya san ƙofar da zai buga. In an ce koyarwa ce maras kyau domin malami ba ya zuwa, maganar hedimasta ce da sakataren ilmi. In an ce yara 90 ne a gaban malami ɗaya, alhali manufar ilmi ta ƙasa ta ce 35, wannan ba laifin malam ba ne, na masu ɗaukar malamai ne, ga kuwa Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu tana yaye su. In rufi ne ya kware, maganar hukumar jiha ce. In kuwa an ce 'yammata ba su kaiwa aji shida, to, wannan takarda ta dawo zauren uban da kansa.

Hedimasta ke riƙe da rahoton, kuma kwamitin makaranta na mutanen gari, wanda ya haɗa mai gari da liman da iyaye maza da mata, shi ya fi cancanta ya ji shi. Da Turanci a ke rubuta shi. Sai a sami malami guda ya karanta shi da Hausa a gaban kwamiti, fanni fanni, ya faɗi watan da baƙin suka zo, da yawan yaran da suka tarar, da abin da suka ce a gyara kafin su komo.